Ranar da Shamaki Ta Saurari Jarrabawar Mairamu

Kafin in shiga labari, wajibi ne in nemi afuwar mai karatu. Ni ba marubuci ba ne. Sai da furfura ta fara fito mini a gemu sannan na iya haɗa baƙaƙe, har yanzu kuma idan na riƙe alƙalami hannuna yakan yi nauyi kamar na ɗauko guduma. Sau uku na rubuta wannan takarda, na yaga biyu. Abin da ya sa na nace shi ne, labarin yana ta sauyawa a bakin mutanen unguwarmu, kowa yana ƙara masa gishiri, har na ji tsoron kada gaskiyarsa ta ɓace. Ga yadda abin ya faru.

A shekarun da hankalin mutanen Gombe bai kwanta ba, lokacin da mutum kan sauka daga mota sau uku a shingen bincike kafin ya kai Babbar Kasuwa, akwai wani magidanci a unguwar Shamaki mai suna Ɗantala. Sana'arsa bayar da hayar lasifika a wajen biki da suna da wa'azi. Yana da manyan lasifika huɗu masu faɗin baki, da na'urar ƙara sauti, da wani tsohon janareta mai tari. Yana kuma da tabarau wanda ba ya rabuwa da shi, sai fa idan an miƙo masa takarda. A nan ne yakan ce gilashin ya yi masa rauni, a taimaka a karanta masa.

Da jama'a suka fara gudun taro, sai kasuwarsa ta mutu. Aka koma ɗaura aure da mutum goma a zaure, ba kiɗa, ba sanarwa. Nauyin gida ya koma kan matarsa Kande, wadda take cikin ƙungiyar matan unguwa masu matsar man gyaɗa da suyar ƙuliƙuli. Amma idan ka ji Ɗantala a majalisa, sai ka rantse shi yake ciyar da rabin Gombe.

Ana nan sai wasu masu bincike suka yi taron kwana biyu a wani otal, a kan karatu daga nesa ta intanet, da kuma sana'o'in da al'umma kan kafa don amfanin kanta. Suka ɗauki hayar kayan Ɗantala. Kwana biyun nan yana can bayan ɗakin taro kusa da na'urarsa, rabin lokaci yana gyangyaɗi, rabi yana jiran shinkafa. Da aka tashi, ya tsinci jakar mahalarta guda da ta yi saura, da kati mai igiya irin wanda ake ratayawa a wuya. Ya rataya, ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai.

"Kande, daga yau ki san da wanda kike zaune."

"Shekara goma sha tara ina zaune da shi, Malam. Ko an canjo mini wani a hanya?"

"Jami'a zan buɗe, a zauren nan. Malami yana Abuja, ko Masar, ko Ingila, ɗalibi yana Shamaki a kan tabarmarsa. Ba mota, ba shinge, ba 'sauko mu ga jakarka'. Kuma ba irin kasuwancin da kika sani ba ne, na al'umma ne. Jama'a su kawo tabarma, ni in kawo ilimi."

"A ina za ka samo shi?"

"A iska yake. Kamo shi ake yi."

"To, Allah ya sa ka kamo har da cefane."

Kwamfuta ce kaɗai ba shi da ita, amma ya san inda take. A gidan da ke jikin nasu akwai wata baƙuwa mai suna Mairamu, wadda ta gudo daga garinsu can gabas da kayan jikinta da ƙaramar kwamfuta, ta sauka wajen goggonta. Shekara shida tana karatun digiri daga nesa, saura mata kare kundin bincike. Takardun bincikenta na farko sun salwanta a gudun, don haka ta sake sabo a kan ƙungiyar su Kande. Wata biyar tana zama da matan, tana taya su ɓarar gyaɗa, tana rubuta abin da suke faɗa. Ta yi musu alkawarin ba za ta ambaci sunan kowa ba, sai dai ta ce mace ta ɗaya, mace ta biyu.

Malamar da za ta jarraba ta, Dakta Amatullah, tana Abuja, kuma a yanayin da ake ciki ba mai sa ta bin hanya. An tsayar da ranar Alhamis da ƙarfe goma, ta kiran bidiyo. Wa'adin da makaranta ta ba Mairamu ya ƙare, idan wannan rana ta kuɓuce, shekara shida sun tafi. Ga shi malamar ta aiko mata cewa bayanan sun cika tsari ga wadda take gudun hijira, tana shakkar ko a ɗaka aka zauna aka ƙirƙiro matan. Shagon intanet da Mairamu take zuwa kuma ya rufe, mai shi ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. Gidan goggonta ba wuta, ba sabis.

"Wannan ne ya hana ki barci?" in ji Ɗantala. "'Yata, kin zo gidan sabis. Ki ara mini kwamfutar in buɗe jami'a, ranar Alhamis kuma in haɗa ki da Abuja har ki ji ƙamshin turaren malamar."

"Bappa, ka tabbata? Ba ni da wata dama bayan wannan."

Ya ɗaga katin wuyansa ya nuna mata. Ta duba, ta ga sunan wata mata ne a jiki, amma da yake tana da kunya, kuma tana bukatar janareta, sai ta ara masa kwamfutar.

Washegari Ɗantala ya haɗa gora biyu, ya ɗaure murfin babbar tukunyar Kande a ƙoli, ya kafa a kan soro. Ya jawo wayar wuta daga murfin har zaure, ya ɗaure bakinta da roba a jikin ɗan modem ɗin Mairamu mai kamo intanet. Kafin azahar, Aƙilu shugaban 'yan bangan unguwa ya iso da mutum uku da sanduna, domin a wancan zamani ba a ganin baƙon abu a kan soro a wuce.

"Ɗantala, da wa kake magana da wannan abu?"

"Da duniya. Kuma Darakta ake cewa."

"Wace duniyar? Ta cikin gari ko ta daji?"

"Aƙilu, ilimi ne. Ko na yi maka bayani sai bayan sati zai iso kanka."

"Sauko da shi in duba."

Ba a kai ga saukowa ba. Iska ta kaɗa, gora ta ranƙwafa, murfin ya zame ya faɗo a gaban Aƙilu da wata irin ƙara. Mutum ukun suka zube a ƙasa suna salati. Aƙilu kuwa sai a bakin lungu aka hango shi, yana cewa ya je tare hanya ne. Kande ta leƙo, ta ɗauki murfinta ta duba inda ya lotsa, ta koma ciki. Ɗantala ya maye gurbinsa da tsohon farantin tangaran, ya ce dama wannan ya fi kamo Ingila.

Ranar Litinin aka buɗe jami'a. Magidanta goma sha huɗu suka zo da tabarminsu. A sahun gaba akwai Malam Yuguda, dattijon da ya sayar da shanunsa ya zauna a gari, mutum mai tsananin kula da gaisuwa. Mairamu ta buɗe musu wani darasi da aka ɗauka tuntuni a kan adana amfanin gona, ta koma gida. Fuskar wani malami mai jar hula ta bayyana, ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam," in ji Malam Yuguda, yana gyara zama. "Malam, an wuni lafiya? Ya iyali? Ya hanya?"

Malamin ya ci gaba da maganar ƙwarin wake. Malam Yuguda ya sake gaishe shi da Fillanci, ko ya fi jin wannan. Bai kula ba.

"Darakta, wannan ɗan gidan wane ne? Ina gaishe shi yana maganar wake."

"Nisa ne, Baba. Gaisuwarka tana hanya, yanzu ta wuce Bauchi."

Kafin gaisuwar ta isa, malamin ya ƙame, baki buɗe, ido ɗaya a rufe, wani ɗan zobe yana juyawa a kan hancinsa. 

"Lafiya?" wani ya tambaya. "Ko aljanu gare shi?"

"Tunani yake yi," in ji Ɗantala. "Manyan malamai haka suke. Duk wanda ya yi tari ya katse masa tunani, shi ya sani."

Suka zauna cikin ladabi suna kallon buɗaɗɗen baki. Malam Yuguda ya ja carbi ya ƙare, ya sake. Da aka doshi la'asar ya ce a ransa bai taɓa ganin mai zurfin tunani irin wannan ba, amma ƙafarsa ta mutu. Ɗantala ya ce wuta ce ta yi wa malamin kaɗan, ya fita ya murɗa janareta har ƙarshe. Janareta ya yi tari sau biyu, sannan ya saki wata ƙara, tau!

Mai karatu ya tuna da shekarun da ake ciki. Ɗalibai goma sha huɗu suka nemi fita ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya. Takalma suka rage a bakin zaure ba masu su. Shi kuwa Darakta, wanda ya fi kowa sanin abin da ya yi ƙarar, shi ya riga kowa tsallake katanga, ya yi ta tsallake na maƙwabta har ƙarshen layi. Ya dira a gidan da mata suke aikin mai, ƙafa biyu cikin kwanon tunkuza.

Dokas, wadda take zuwa daga unguwar Herwagana kullum, ita ce kuma mai kai man ƙungiya kasuwa, ta tsaya da muciya a hannu tana kallonsa.

"Baban Yusra, ta sama ake shigowa jami'ar taku?"

"Na zo duba lafiyar mata ne."

"Mun gode. Fito daga cikin ƙuliƙulinmu ka duba mu da kyau."

Daga ranar ba ɗalibin da ya sake dawowa, sai masu neman takalmi. A majalisa aka fara kiran zauren Jami'ar Tunani. Abin ya tsaya wa Ɗantala a rai, ya ƙudura cewa ranar Alhamis zai wanke sunansa a gaban kowa.

Ranar Laraba Mairamu ta zo suka gwada. Sabis yana zuwa yana tafiya, amma ana ji. Ta ce, "Bappa, abu biyu nake roƙo. Ka ara mini ƙaramar lasifika don in ji malamar sosai. Sannan a rufe zauren, kada kowa ya shigo. Akwai maganganun mutane a ciki, amana ce."

"Ko ƙuda sai da izinina."

Ya cika alkawari, ba wanda ya shiga. Sai dai bai ga dalilin da zai sa ɗalibar farko ta jami'arsa ta ci jarrabawa a ɓoye ba. Ranar Alhamis da sassafe ya ɓoye makirfo cikin ƙwarya a ƙarƙashin teburin, ya ja waya ta bayan gidaje har ƙarshen layi, inda majalisa take a gindin dalbejiya. Ya rataye lasifika huɗu a rassan, kowace tana kallon kusurwarta, ya ajiye na'urar ƙara sauti kusa da kujerarsa. Janareta kuma ya girke shi a bakin tagar zaure, yadda Mairamu ba za ta ji abin da ke faruwa a waje ba. Ya sa babbar riga, ya rataya kati, ya aika aka kira masa maza. Bai tuna cewa bayan katangar majalisar ne mata suke aikin mai ba.

Ƙarfe goma daidai muryar Dakta Amatullah ta fito daga dalbejiya, har tsuntsaye suka watse. Da Turanci aka fara.

"Me ta ce, Darakta?" in ji Malam Yuguda.

"Gaishe ni take yi."

"Ita kuma yarinyar?"

"Cewa take, ba don ni ba da ba ta kawo nan ba."

"Duk wannan doguwar maganar?"

"Turanci haka yake, Baba, sai an zagaya."

Jama'a suka ƙaru. Masu shago suka fito, mai shayi ya bar tukunyarsa. Ɗantala yana gyaɗa kai a inda ya ga dama, wani lokaci ya yi 'yar dariya shi kaɗai, don a san ya gane abin da ya wuce kowa. Can sai malamar ta juya harshe.

"Mairamu, ajiye Turancin nan. Fassararki ta cika santsi, ban ji muryar mutum a ciki ba. Ɗauko littafin da kika rubuta a wajen aiki, ki karanta mini maganarsu da Hausa, yadda ta fito daga bakinsu."

Aka ji ƙarar buɗe takarda a duk faɗin Shamaki.

"Mace ta uku ta ce: 'Na shiga ƙungiya ne don mijina gadin unguwa yake yi. Da rana barci yake, ya ce ya kwana aiki. Abokan aikinsa kuma sun ce a can ma barcin yake yi, har sun san minsharinsa.'"

Ido ya koma kan Aƙilu. Majalisa ta fashe da dariya, Ɗantala ya fi kowa, har yana dukan cinya.

"Kashe abin nan," in ji Aƙilu.

"Ilimi ne, Aƙilu, ba a kashe ilimi." Ya ƙara murɗa sauti.

"Mace ta huɗu ta ce: 'Tsohona ya ce matar mutunci ba ta sana'a, don haka ta katanga nake miƙa gyaɗata. Amma duk ƙuliƙulin da ya shigo gidan shi yake cinyewa. Jiƙa masa nake yi, haƙoran sun tafi tare da shanun.'"

Malam Yuguda ya rufe bakinsa da gefen rawani. Ɗantala ya share hawayen dariya, ya sake ƙara sauti har rassan dalbejiya suna rawa. A bayan katanga kuwa, ƙarar turmi ta tsaya cak.

"Wuce gaba," in ji malamar. "Karanta mini ta bakwai, wadda kika ce ta fi kowa son karatu ta waya."

"Mace ta bakwai ta ce: 'Ni makaranta na bari a aji huɗu, kuma ina so in ƙara, ko ta waya ce. Domin karatun gidanmu duk a kaina yake. Maigidana yana da lasifika huɗu, da man gyaɗata aka saye su. Ko sunansa ba ya iya karantawa. Duk saƙon da ya shigo wayarsa sai ya kira ni ɗaka in karanta masa, sannan ya fita majalisa ya ba da labari. Tabarau ɗin ma ba na magani ba ne, a bakin tasha ya saya. Amma mutumin kirki ne, bakin ne dai Allah ya ba shi ya hana shi birki.'"

Ɗantala ya kai hannu zai kashe. Aƙilu ya riƙe masa wuyan hannu.

"Haba, Darakta. Ba a kashe ilimi."

"Akwai masu lasifika da yawa a Gombe!"

"Masu huɗu, da tabarau, da mata mai man gyaɗa?" in ji Malam Yuguda daga cikin rawani. "Allah mai iko."

Ba su gama ba ƙofar gidan mai ta buɗe. Mata goma sha ɗaya suka fito, hannuwa duk mai, wasu da muciya, Kande a gaba. Ba su ko dubi majalisa ba, suka miƙe sai zauren Ɗantala. Maza suka bi baya, Aƙilu yana jan Darakta da igiyar katinsa.

Mairamu tana tsakiyar karatu ƙofa ta buɗe.

"Mairamu, haka muka yi da ke?" in ji matar Aƙilu. "Kin ce daga ke sai takarda, ga shi har mai shayi ya ji!"

"Wa ya ji? Me aka ji?"

"Duk Shamaki! A kan bishiya kike magana!"

Littafin ya faɗi daga hannun Mairamu. Ta dubi matan da suka ba ta abinci wata biyar, ta dubi fuskar malamar a kwamfuta, hawaye suka zubo mata. 

"Su wane ne waɗannan?" in ji Dakta Amatullah.

"Ni ce mace ta uku!"

"Ni ce ta huɗu, kuma ban ce duk haƙoran ba, akwai biyu!"

Dokas ta ture su ta sa fuskarta a gaban kwamfuta. "Ranki ya daɗe, ni ce ta biyar. Ni ƙorafina daban ne. Ta karanta na kowa ta tsallake nawa, alhali ni na fi kowa magana."

Malamar ta gyara zama. Ta shiga yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: yaushe suka kafa ƙungiya, wa ke sayo gyaɗa, yaya suke yi idan an rufe kasuwa, me suke so su koya. Suka riƙa amsawa suna katse juna, tana duba kundin da ke gabanta tana gyaɗa kai. Kande kuwa ƙasa take dubawa. Ta durƙusa ta bi waya da hannu har ƙarƙashin tebur, ta fito da ƙwarya, ta buɗe a gaban kowa.

"Shakkata ta farko ta tafi," in ji malamar. "Ba mai iya ƙirƙiro waɗannan matan. Amma ga babbar magana. Mai bincike da ya tona asirin waɗanda suka amince masa bai cancanci shaida ba, komai kyan aikinsa. Mairamu, da saninki aka sa wannan abu?"

"Wallahi ban sani ba."

"Wa zai shaida?"

Aka turo Ɗantala gaban kwamfuta. A hanya ya riga ya shirya cewa yarinyar ce ta roƙe shi, shi taimako kawai ya yi. Ya buɗe baki ke nan sai malamar ta ce, "Malam, ina jin kai dai umarni ka bi. Wannan haɗi ya fi ƙarfin wanda bai yi karatu ba. Ita ta tsara maka, ko?"

Jijiyar wuyan Ɗantala ta tashi.

"Ita? Ranki ya daɗe, ina ta san wannan fasaha? Ni kaɗai na tsara! Ni na ɓoye makirfo, ni na ja waya ta bayan gida tara, ni na sa janareta a taga don kada ta ji. Ta ce a rufe ƙofa, na rufe, na fitar da maganar ta ƙarƙashin ƙasa. Ko Kande da muke ɗaki ɗaya ba ta sani ba. A duk Gombe ba mai iya wannan sai ni!"

Da yake makirfo yana hannun Kande, wannan ma sai da unguwa ta ji.

"Na gamsu," in ji malamar. "To, Mairamu, hukuncina shi ne..."

Sai ta ƙame, baki buɗe, ɗan zobe yana juyawa a kan hancinta.

 Malam Yuguda ya leƙo ta taga. "Tunani take yi," ya ce. "Ku samu wuri ku zauna, sai la'asar."

"Faranti ne ya karkace!" in ji Ɗantala. "A ba ni tsani!"

"Malam, tsaya inda kake," in ji Kande.

Ta tsinke robar da ta ɗaure wayar soro, ta ɗauki kwamfutar da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri, ta ratsa tsakar gida, jama'a na biye da ita. Ta wuce madafa, ta ɗora ta a kan wani kifaffen turmi kusa da garken awaki.

"Nan ne sabis yake a gidan nan. Shekara uku a nan nake amsa kiran masu sayen mai."

"Me ya hana ki faɗa?" in ji Ɗantala.

"Ka tambaye ni?"

Zoben ya ɓace. Malamar ta motsa, wani bunsuru yana leƙa ta.

"...kin ci. Da sharaɗi biyu. Ki sake neman yafiyar matan nan da izininsu, wadda ta ce a cire maganarta ki cire. Na biyu, kada ki ƙara yin jarrabawa kusa da wayar wannan bawan Allah."

Dokas ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Mairamu ta durƙusa a gaban matan tana kuka tana ba su haƙuri. Matar Aƙilu ta ɗaga ta, ta ce ai gara da aka ji, ko mutumin zai rage barci. Ba wadda ta ce a cire maganarta. Dokas ma sai da ta sa aka karanta mata nata a wurin, tana tsaye tana gyara wasu kalmomi.

A ranar ƙungiya ta yanke shawara, ba a nemi ra'ayin Darakta ba. Aka sauke gora. Aka sayar da lasifika uku aka sayo faifan sola. Aka yi rumfa a kan turmin nan, aka matsar da awaki. Mairamu ta riƙa sauko da darussa tana koyar da mata da safe, maza kuma bayan la'asar, ladanta kwalbar mai da ƙuliƙuli daga ƙungiya.

A wannan aji na maza na koyi abin da nake rubutu da shi yanzu. Benci ɗaya muka zauna da Ɗantala, ya ajiye tabarau a gida. Ya riga ni iya rubuta sunansa da sati biyu, kuma bai bar ni na manta ba. Har yau idan sabon ɗalibi ya zo, yakan ja shi gefe ya gaya masa cewa duk abin da ya faru ranar Alhamis ɗin nan shiri ne, shi ya tsara don malamar ta ga matan da idonta. Kande tana jinsa daga madafa, takan ce, "Haka ne, Malam. Karanta musu allon."

Iyakar abin da na sani ke nan. Na tabbata akwai kurakurai a wannan rubutu, na baƙi da na jimla, domin hannun da ya makara ba ya rasa tuntuɓe. Ina roƙon duk wanda ya fi ni sani ya gyara mini, zan karɓa da godiya. Sai dai ina haɗa shi da Allah, ya kira ni gefe ya faɗa mini a hankali. Har yanzu akwai sauran lasifika ɗaya a gidan Ɗantala.